Abin da Jan Allon Ya Ce

Zuwa ga 'yar Falmata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko a cikin kar, babbar motar Yamai, kika buɗe ta, ko a jirgi, ko sai kin sauka kin huta. Allah ya tsare hanya, ya tsare masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Kin san ba na iya zama in yi doguwar magana da ke. Ke ce 'yar fari, ko sunanki ban taɓa kira ba, sai dai in ce "ke" ko "'yar Falmata", ke kuma ki ce mini Tanti Habsu. Shi ya sa na ɗauko kaye da bik na rubutu na zauna a gindin darbejiyar tsakar gida tun da aka sauko daga azahar.

Zan fara da abin da ya fi nauyi, don in na bar shi sai ƙarshe na san ba zan rubuta ba. Ɗingishin da Innarki Falmata take yi, ba santsi ne ya kayar da ita ba kamar yadda ake faɗa a gida. Ni ce sanadi. Ƙarya na yi mata a gaban wani jan allo, a kan irin duwatsun da za ki je yin istaj ɗinki, wato koyon aikin otel, ina da shekara goma sha bakwai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanki.

Ga yadda aka yi. Mijin Ya Falmata, Malam Isufu, Allah ya ji ƙansa, kuku ne a wani gidan abinci da aka gina a tsakiyar dutse, can ƙasar Faransa, inda turawa suke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da ta samu cikin fari laulayi ya sa ta gaba, sai aka ce a tura ni in taya ta zama wata uku, tunda na gama jarrabawar birebe a makaranta ina zaune, kuma ni ce mai jin faransanci a gidan. A lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da 'yan Kano suke kawowa kasuwa. In baƙo ya yi sallama ɗaki nake shigewa. Amma a cikin kaina, wayyo, ba a magana. Na yi aure ya fi sau goma a cikin kaina, duk da mutanen da ban taɓa ce musu ko sannu ba.

Ranar da na fara ganin duwatsun nan kuka na yi, ban san dalili ba. Kin san duwatsunmu na Birni da muke hawa muna yara, muna ganin babu abin da ya kai su? To 'ya'yan tsakuwa ne. Waɗancan sai kin ɗaga kai har ɗankwalinki ya zame kafin ki ga ƙarshensu, wani lokaci ma ba ki gani, gajimare ya rufe. Fari fat, ko'ina, har ido ya yi zafi. Da safe in rana ta taɓa kawunansu sai su yi ja kamar an sa musu lalle, ƙasa kuma da sauran duhu. Ga shiru. Ban taɓa sanin akwai shiru irin wannan a duniya ba, babu zakara, babu jaki, babu sautin turmi. Ina tsaye ina jin bugun zuciyata. Ya Falmata ta ce, "Habsu, rufe bakin, kada haƙoranki su daskare." Na ce, "Ya Falmata, wannan duk Allah ne ya yi?" Ta ce, "A'a, Babanmu magini ne ya zo ya yaɓa."

Za ki ji abin da na ji, ba zan hana ki ba. Ki tsaya ki kalla, ki yi tasbihi. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kyan nan ba ya nufin wurin ya san da zamanki.

Akwai wani tsoho a cikin masu tsaron hanyoyin zamiya, muna ce masa Mai Kare, don duk inda ya sa ƙafa da wani ƙaton baƙin kare a bayansa. Su ne suke fita da sassafe kafin a buɗe wa mutane, su harba nakiya a kan gangaren da suke zargi, don dusar da za ta zafto ta zafto babu kowa a ƙasa. Ranar farko da na ji ƙarar, ƙarƙashin tebur na shige. Ya Falmata ba ta shiri da karen ko kaɗan. Da ta hango shi sai ta tattare zane ta ce, "Kai Mai Kare, ja abinka can, da alwalata!" Tsohon ya dube ni ya ce me ta ce, ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Tana gaishe ka ne." Kin gani, tun a nan na saba. Ni ce bakinta, ni ce kunnenta, ni ce idonta a kan duk wani rubutu, kuma na saba gyara magana in ta yi mini nauyi.

Wata safiya na fita zubar da ruwa na tarar da shi a bayan gidan abincin ya haƙa rami a cikin dusa, zurfinsa ya kai ƙirjinsa, yana shafa bangon ramin da safar hannu. Ya yafito ni. Ya nuna mini ashe dusar ba abu ɗaya ba ce, hawa-hawa ce. Wannan ta zubo farkon sanyi, wannan bayan sati biyu, wannan iska ce ta kwaso ta ta danne. Ya tura yatsa a wani siririn layi a tsakiya, sai ga shi yana zuba kamar sukari. Ya ce, "Duk abin da ke sama, a kan wannan yake zaune."

Ai na san abin nan. Kakanki magini ne, na tashi ina kai masa abinci wajen aiki. Sau nawa na ga ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya ce wa mai gida, "Wanda ya yi maka wannan sabon yaɓe a kan tsoho bai kankare ba, bai jiƙa ba. Yanzu lafiya lau yake. Bari ruwa ya shiga tsakaninsu." Kuma da damina sai ka ga bango guda ya saɓule ya sauko gaba ɗaya. Haka dusar take. Mai Kare ya ce a ƙarshen sanyi, watan Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da za ki isa, rana tana narkar da ta sama, ruwan ya tsiyaya ya shiga tsakani. In dare ya yi sanyi sosai, komai ya sake daskarewa, da safe sai ki taka ki ji ƙwaram, ta ɗauke ki. Zuwa azahar ta saki. In kuwa dare bai daskare ba, to tun safe ma babu aminci. Na so in ce masa babana ma haka yake faɗa a kan bango. Kunya ta hana ni. Na ce "to" na koma ciki.

Na rubuta miki wannan don kada ki ce rashin sani ne. Na sani sarai.

Kuskurena na farko, rana na amince wa. Mu mutanen Damagaram sanyi muke tsoro. Tun muna yara, in gari ya yi sanyi ake cewa a shiga ɗaki, in rana ta fito a ce to yanzu a fita. Wata biyu ina can ina rawar ɗari, kullum addu'ata Allah ya kawo rana. Ranar da abin ya faru an kwana da gajimare da wata iska mai ɗumi. Da safe na ji ɗis, ɗis, ɗis daga rufin, tsinin ƙanƙarar da ke rataye a bakin taga suna faɗowa da kansu. Zuwa hantsi gajimaren ya yaye, rana ta buɗe sosai. Ya Falmata ta cire safar hannu ta shanya tafukanta ta ce, "Alhamdu lillahi, yau na ji ɗumin gida." Ni ma har da cire hular ulu. Duk turawan da ke aiki a wurin fuskarsu a ɗaure, suna ta duban sama, mu biyu kaɗai muke murna.

Don haka ki juya abin da jikinki ya saba da shi. A can, ranar da kika ji daɗin gari, ranar ce ta tsoro. In za ki wani wuri da ƙafa, ki tafi da sassafe lokacin da sanyi yake cizon kunne, ki dawo kafin rana ta take. Gangaren da rana ta fi daɗewa a kansa, kada ki bi ta ƙarƙashinsa da yamma, kada ki zauna shan hantsi a gindinsa kamar yadda muke yi a gindin duwatsun Birni. Ko gindin rufin gida kada ki tsaya, shi ma yana sako tasa. Kullum da safe suna liƙa takarda mai lamba daga ɗaya zuwa biyar, ta ƙarfin haɗarin ranar. Ki karanta ta kafin ki sha shayi. In ba ki gane ba ki tambaya, ko za su ce yarinyar nan ta cika tambaya.

Kuskure na biyu, shi ne wanda nake jin nauyin rubutawa. Akwai wani saurayi mai jar riga, yana koya wa yara zamiya. Kullum yakan shigo da rana ya sha kofi. Abin da ya taɓa ce mini duk zamana bai wuce "na gode" ba, shi ma ba ni yake kallo ba, kofin yake kallo. Amma ni na raɗa masa suna a raina, na musuluntar da shi, na kawo shi Damagaram, na saya masa babbar riga, har na zaɓi sunan 'ya'yanmu. Ki yi dariya, ni ma yanzu ina yi. Na gano cewa bayan azahar yakan tara ɗalibansa a wani fili can ƙasa, kuma hanyar ƙafa da ke sauka daga gidan abincin zuwa ƙauyen tana wucewa ta saman filin. A littattafan da nake karantawa, abin da ake bukata ke nan: yarinya ta wuce, iska ta ɗaga mayafinta, shi kuma ya ɗago kai.

Ranar muna da saukowa ƙauye sayen magani. Hanya biyu ce, ko a shiga akwatin nan da ke tafiya a kan waya a sararin sama, ko a bi ta ƙafa. Ya Falmata ta tsani akwatin, "kejin kaji" take ce masa, in ta shiga idonta a rufe take salati har a sauka. Da na ce mu bi ta ƙafa tunda gari ya yi daɗi, har addu'a ta yi mini.

Ki karanta littattafanki, na san kin kwashe nawa da ke cikin tsohon akwati, ban ce komai ba ne kawai. Ki so wanda za ki so, Allah ya sa na kirki ne. Amma kada ki zaɓi hanya a kan dutse don wani ya gan ki. In ƙawaye ko wani saurayi suka ce, "Zo mu ɓulla ta nan, ai kowa yana bi," ki tambayi kanki me ya sa kike son zuwa. In amsar mutum ce, ki zauna.

Na uku, 'yar na'urar. Duk mai aiki a saman dutsen an ba shi wata aba kamar ƙaramar rediyo, ana ɗaura ta a jiki a ƙarƙashin manto, babbar rigar sanyi. In dusa ta binne mutum, ita ce take kiran na'urorin masu nema har su zo daidai kansa. Ya Falmata ta ɗauko tata tana ƙoƙarin ɗaurawa ta ce, "Igiyar nan tana matse mini ciki." Da na ce kawo in sassauta miki, da shi ke nan. Amma ni ma ba na son tawa, tana yi mini ƙullutu a gaba, tana ɓata zaman manto, kuma in an sa ta sai an je wajen Mai Kare ya gwada ya ga tana aiki, namiji yana nuna ƙirjin mutum da wata na'ura. Sai na ce, "Bar ta kawai, ai ba nisa." Na rataye su biyun a ƙusa ɗaya a bayan ƙofa.

Ki sa taki. Ko ta mayar da ke kamar buhun gawayi, ki sa, a jiki, ba a cikin jaka ba, don jaka tana rabuwa da mai ita. Ki bari a gwada. In an ce za a koya muku nema da sanda da shebur, ki shiga gaba, kada ki tsaya a baya kina gyaran mayafi.

Muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba muka tarar an gitta igiya, an kafa jan allo a tsakiya. Rubutu ne manya-manya, ko ɗan aji biyu zai karanta: an rufe hanya, haɗarin zaftarewar dusa. Ya Falmata ta tsaya tana haki ta ce, "Habsu, me ya ce?"

Daga inda nake tsaye ina hango filin can ƙasa, da ɗigon ja a tsakiyar yara.

Na ce, "Ya ce a yi tafiya a hankali."

Na ɗaga mata igiyar da hannuna ta sunkuya ta wuce.

Igiya da allo ba ado ba ne. Mutanen da suka kafa su sun fita tun kina barci, sun haƙa rami, sun duba. Kuma in wani ya dogara da ke ki karanta masa abu, ki faɗa masa abin da aka rubuta, ko zai ɓata miki shiri.

Dutsen bai yi mana ba-zata ba, wannan ne abin da har yau yake ba ni mamaki. Sai da ya yi ta magana. Ƙafa tana nutsewa har gwiwa, in na zaro ta takalmin bot ɗina ya jiƙe sharkaf. Ina jin ruwa yana gudu a ƙarƙashinmu, ƙul-ƙul-ƙul, ba a ganinsa. Daga sama wasu dunƙule suna gangarowa su kaɗai, kamar curin fura, suna naɗe dusa suna girma, wasu har sun yi kamar tabarmar da aka naɗe. Ya Falmata ta ce, "Ikon Allah, dubi, dutse yana cura fura." Muka yi dariya. Duk ɗaya daga cikin waɗannan in kin gani, ki juya ta inda kika fito, nan take.

Muka iso inda hanyar ta ratsa wani faffaɗan gangare, babu itace sai ɗaya ko biyu. Na tsaya ina gyara ɗankwali don daga nan ake ganin filin sosai. Ita ta ci gaba, ta ba ni tazara kamar daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa. Sai na ji wani sauti, wuf, kamar an yar da buhun gero a ɗaki na kusa, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashina. Na ɗaga kai. Can sama da ita, wani baƙin layi yana tsaga farin, yana gudu, kamar tsagar bangon da Baba yake nunawa.

Ga na huɗu, wanda ko ita ba ta sani ba. Na gani, kuma akwai lokaci. Da na ƙwala ihu na ce "Ya Falmata, dawo da gudu!" wataƙila da ta yi taku goma, taku goman nan kuwa sun isa. Na buɗe baki. Sai na tuna yana can ƙasa, zai ɗago kai ya ga wata baƙar yarinya tana ihu kamar mai tallan kifi. Wallahi abin da ya zo mini ke nan. An raine ni a kan cewa 'ya mace ba ta ɗaga murya, ba ta ƙwala wa yayarta kira a gaban mutane. Sai na ce, a hankali, da ladabi, "Ya Falmata..."

Ba ta ji ba.

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Gefen dutse guda ne ya tashi. Da farko ma a hankali, kamar mai barci yana juyi, sai ya kakkarye ya zama ruwa-ruwa, kamar an tuntsurar da tukunyar kunu wadda ta kai girman unguwar Zango. Ƙarar ba a kunne na ji ta ba, a ciki na ji ta, a haƙora. Itacen da ke gabanta ya kwanta kamar karan dawa. Na ga ta juyo, na ga ta ɗaga hannu biyu zuwa fuskarta, na ga ɗankwalinta mai ruwan ɗorawa yana nutsewa yana ɓullowa, yana nutsewa yana ɓullowa, sannan ban ƙara ganinsa ba. Sai komai ya tsaya. Shirun nan ya dawo, rana tana haskawa, sama shuɗiya tas, dutsen yana nan da kyansa kamar bai yi komai ba. Ban taɓa sanin ƙanƙantata ba sai ranar. Na yi shekaru ina jin malamai suna karanta ayoyin ranar da duwatsu za su yi tafiya, ban gane ba sai a wannan tsayuwar.

Sannan na yi ihun. Ashe ina da murya. Har dutsen da ke fuskantarmu sai da ya maimaita.

Abu ɗaya na yi daidai, shi ma ba dabarata ba ce: ban ɗauke ido daga inda ɗankwalin ya ɓace ba, kusa da kututturen itacen da ya karye. Mai jar riga ne ya fara isowa. Karo na farko da ya dube ni a ido ke nan, abin da ya ce kuma shi ne, "Mutum nawa? A ina? Tana da na'ura?" Na ce ba ta da ita. Ya juya ya yi magana a rediyonsa, bai sake kallona ba. Sai ga Mai Kare da mutanensa. Ya tambaye ni wurin, na nuna, ya saki karen a ƙasa da nan. Na durƙusa ina tono da hannu, sai na ji dusar nan mai laushi ta zama kamar siminti, farcena biyu suka karye ban tono ko tafi ɗaya ba. Wanda ke ciki ba ya iya motsa ko yatsa. Shi ya sa ake tsallaka irin wurin nan ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo, don a samu mai nunawa. Mintuna kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa, babu lokacin zuwa neman taimako a ƙauye.

Karen ya yi ta shinshina, ya tsaya, ya fara tono yana kuka. Suka soka sanda, suka sa shebur. Da suka kai gare ta, tafukanta biyu suna gaban fuskarta yadda ta ɗaga su tana salati. Mai Kare ya ce ɗan wurin da hannuwan suka bari shi ne ya ba ta iskar da ta shaƙa. Ki riƙe wannan ma, Allah kada ya sa ki bukace shi. Karen ya tura kai cikin ramin yana lasar goshinta. Ta buɗe ido, leɓenta sun yi shuɗi, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Habsu, wa ya bar karen nan ya lashe ni?" Tsohon ya ce me ta ce. Ranar kam na faɗa masa daidai. Ya yi dariya har da hawaye.

Ƙafar ta karye wuri biyu. Cikin ya zube a gidan likita bayan kwana biyu, kuma Allah bai sake ba ta wani ba. Da jandarma suka tambaya, na ce ba mu lura da allon ba. Da muka dawo gida aka ce santsi ne, na bar shi a haka. Amma tun kafin mu taho, duk ranar da ta dafa nama, sai ta ware wa karen ƙashi ta ce a kai wa "malamin nan mai baƙar riga".

Da aka yaye ki na ɗauke ki da kayanki na kai mata, kowa ya ce al'ada ce, 'yar fari ai ta yaya ce. Al'adar ce. Amma ba ita kaɗai ba ce, kuma ba na so ki ji wannan a bakin wani. Kada ki ɗauka musanya na yi da ke. Babu abin da yake maye gurbin abin da ta rasa. Na duba ne na ga a duk duniya babu wadda na fi yarda ta riƙe ki kamar matar da aka tono daga ƙarƙashin dutse ta farka da wasa a bakinta. Kuma ban yi kuskure a wannan ba, ke shaida ce.

Da ban rubuta duk wannan ba, da ba don jiya ba. Kina wajen mai ɗinki, muna shirya miki walis, akwatin tafiyarki, ni da ita, tana cusa kilishi da yaji da turaren wuta a kowane lungu. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Habsu, ki gaya wa yarinyar nan in ta ga jan allo ta tsaya."

Na ajiye zanen da nake ninkewa.

Ta ce, "Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatu ba, amma na san ja, na kuma san igiya in an gitta ta a hanya."

Na ce, "Ya Falmata, kin sani? To me ya sa kika wuce?"

Ta ce, "Na ga inda idonki yake. Na ce bari yarinya ta ga mai jar rigarta ko ta samu ta ci abinci. Ni ma kuma ga tsoron kejin kajin nan. Da ƙafata na wuce, ba goya ni kika yi ba." Ta danna murfin walis ɗin da gwiwarta mai lafiya. "Miƙo mini igiyar can. Kuma ke za ki gaya mata, ni in na faɗa dariya za ta yi, ta saba da shirmena."

Shekara ashirin da wani abu tana zaune da ni, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ta rainar mini 'ya, ba ta taɓa ko yi mini wani kallo ba. Na ga duwatsun nan, na ga gefen ɗaya ya taso ya sauko, na ɗauka ba zan sake ganin abin da zai sa in rasa ta cewa ba. Jiya na gani, a tsakar ɗaki, tana ɗaure walis.

Saura maganar kiran da ban ɗaga murya ba. Yau bayan la'asar zan je in gaya mata da bakina, kada ki riga ta sani.

Ke kin ɗauko ni, na daɗe da gani. Kina magana ƙasa-ƙasa, kina shigewa ɗaki in an yi baƙi, kina kallon taga kina murmushi ke kaɗai. Kunya abu ne mai kyau, ki tafi da ita, ki dawo da ita. Amma in kin ga tsaga a kan farin nan, ko kin ji wuf a ƙarƙashin ƙafarki, ko kin ga wani zai ɗaga igiya, ko shugaban otel ɗin ne, ki ajiye ta ki buɗe maƙogwaro. A ce ba ki da tarbiyya, na yafe.

Allah ya tsare ki daga sama da ƙasa, daga sanyi da ɗumin da ke ruɗi. Allah ya sa ki ga kyan halittarsa ki dawo ki ba mu labari da ƙafafunki biyu. Ki riƙe salla, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki kira ni ba. Babanki da ƙannenki suna yi miki fatan alheri.

Da na yi niyyar tura takardar nan ƙarƙashin zannuwanki, ki tsince ta can ina nesa, ba sai mun haɗa ido ba. Na fasa. Gobe a tasha da hannuna zan ba ki, a gaban Ya Falmata da kowa. In kin ji an ƙwala kira daga bayan mutane an ce "Balkisa!", kada ki tsaya neman mai kiran a cikin ƙawayenki. Ni ce.

Wassalam,
mahaifiyarki, Habsu.